Wankan Malam Kalilu

Shekara bakwai Malam Kalilu ya yi a unguwar Taman Melati, can ƙasar waje, yana rubuta kundin digirinsa na uku a kan wani tsohon malamin Girka, wanda ya riƙa tare mutane a kasuwa yana tambayarsu mene ne adalci, har suka gaji da shi suka yanke masa hukuncin shan guba. Ni maƙwabcinsa ne, kuma na sha yi masa tsiya: mutum ya baro Bichi, ya ƙetaro teku, don ya karanci wanda ko layi ɗaya bai rubuta ba!

Amma ba da kundin muka san shi ba. Duk Bahaushen da ya rasu a garin nan, Kalilu ne ke wanke shi. Bokitinsa da kafur ba sa barin bayan motarsa.

Labari ɗaya yake maimaita mana. Ranar da za a ba tsohon gubar, sai da ya shiga ya yi wanka da kansa, don kada ya bar wa mata wahalar wanke gawarsa. "Ka ga mutunci, lah," in ji Kalilu, da irin salon maganar 'yan garin. Mu kuwa dariya muke yi.

Da korona ta zo, aka hana taɓa waɗanda ta kashe. A leda ake rufe su, ma'aikata su yi musu taimama ta saman ledar. Sau biyu yana zuwa asibiti da bokitinsa ana ce masa "Tak boleh," wato ba a yarda ba. Daga nan ya rage magana.

A watan Yulin 2021 korona ta kama shi. Numfashi ya gagara, matarsa Hureira ta kira motar asibiti. Kafin ta iso ya ce ta dafa masa ruwa. Ta yi kuka, ta ce ko tsayuwa ba ya iyawa. Da rarrafe ya shiga banɗaki. Ya fara da dama, sau uku-uku, yadda yake yi wa wasu, ya shafa sauran kafur ɗin.

Kwana tara ya yi a asibiti. A waya muka kalli jana'izarsa, kundin yana nan bai ƙarasa ba. Har yau abin yana ci mini rai: mutumin da ya wanke mana kowa, ba wanda ya zuba masa ruwa ko kofi ɗaya.

Na san wankan mai rai ba ya zama na gawa, shi ma ya fi ni sani. Da na kira Hureira ta'aziyya, sai ni na fashe da kuka.

"Ka yi haƙuri, Baban Walida," ta ce. "Da wankansa ya tafi."