Ruwan Shukar da Ya Raba Ni da Faifanmu

Mu huɗu ne, dukanmu 'yan Filinge. Mai waƙarmu, wanda shi ke riƙe da gitar gaba, abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, benci ɗaya muka zauna, bulala ɗaya muka sha. Akwai mai ganguna, ɗan wani mahauci, da wani siriri mai piyano da ba ya magana sai an tambaye shi. Ni ne mai gitar bas, babbar gitar nan mai kaurin murya, wadda mutane ba sa lura da ita sai ranar da ta yi shiru.

Kiɗanmu ba na gargajiya ba ne, ba kuma na Turawa zalla ba. Daga kaset-kaset ɗin da 'yan ci-rani ke dawowa da su daga bakin teku muka koyi wani kiɗa mai tsalle, wanda bas ke jan ragamarsa, gita na kuka a sama. Muka ɗora shi a kan Hausar yankinmu na Kurfai da irin bugun da muka taso muna ji a gida. Dattawa suka ce mun lalace. Innata ba ta taɓa kiransa kiɗa ba, “hayaniyarku” take cewa. Duk da haka mun ci bukukuwan aure daga cikin gari har Damana, muna ɗora lasifikoki a amalanken jaki, ana biyanmu wani lokaci da kuɗi, wani lokaci da tuwo da godiya.

Cikin waƙoƙinmu akwai wadda muke kira waƙar rijiya. Abokina ne ya yi baitocin, a kan saurayin da ke zuwa bakin rijiya kullum da dabbobin da ba sa jin ƙishirwa, don kawai ya ga wata. Kiɗan kuwa nawa ne. A zaure na zauna na haɗa shi, yatsuna har suka yi kanta. In muka buga ta a biki, har tsofaffin da ke zaginmu sai ka ga ƙafarsu na motsi a ƙarƙashin riga.

Wata shekara, da bazara ta kai maƙura, wani mai sitidiyo a Yamai ya ji mu a wayar wani direba, ya aiko mu je. Muka shiga motar haya da kayanmu, muka sauka a ɗakin wani ɗan garinmu, muna kwana kamar kifi a gwangwani. Mai sitidiyon ya ce layi ne, akwai masu waƙa a gabanmu, mu jira. Muka yi ta jira muna cin garin rogo da ƙuli-ƙuli. Da ƙyar aka sa mana rana.

Ana gobe za mu shiga, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Inna ce, ta ari wayar maƙwabta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

“An yi ruwa,” ta ce. “Na sa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, da lema. Mutane duk sun hita.”

Wanda bai tashi a ƙasarmu ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Ƙasarmu yashi ce. In aka yi ruwan shuka, yau da gobe ne, jibi rana ta shanye lemar. Wanda ya makara sai ya jira wani ruwan, kuma ba wanda ya san ranarsa, ga damina gajeriya. Mahaifina ya rasu shekarar da ta gabata. Gonar tana hannuna, ni ne namijin gidan, ga Inna, ga ƙannena mata, ga matata da goyo. Mata na iya bin baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, amma sai da mai sungumi a gaba yana saran ramuka. Kuma ranar shuka ba ka samun ɗan ƙwadago, kowa na kan tasa gonar.

Na faɗa wa abokina. Ya dube ni kamar na ce zan yi ridda.

“Kai, mi kake hwaɗi haka? Gobe hwa za mu shiga!”

“Ku roƙe shi ya ɗaga muna, kwana kaɗan. In na shuka in komo.”

“Wanga mutum ba shi ɗaga wa kowa. Gero kullum ana shuka shi, wagga dama sau ɗaya take zuwa.”

“Gero kullum ana cin shi,” na ce, “amma ba kullum aka shuka shi ba. Ka manta ne?”

Shi ubansa ma'aikacin gwamnati ne, hatsinsu a buhu yake zuwa. Ban faɗa masa haka ba, amma ya karanta a fuskata. Mai ganguna ya sunkuyar da kai, don shi ya san mene ne ruwan shuka. Taura biyu ba ta taunuwa, na ɗauki jakata na bar musu gitar, na nufi tasha. A ƙofa abokina ya kama hannuna ya ce in tafi, zai san yadda zai yi, ba za a taɓa waƙar rijiya ba sai na dawo. Na yarda da shi, don bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Na yi shukata. Har yau ban ce na yi kuskure ba, kuma duk wanda ya ce na yi, ya zo ya gaya wa rumbu. Ina gamawa na kira su. Abokina ya yi ta kwana-kwana, daga baya ya fito fili: mai sitidiyon ya ƙi jira, ya kawo wani yaronsa na Yamai ya buga bas ɗin duka, an gama. Ya ce in yi haƙuri, in faifai ya fito ai namu ne gaba ɗaya. Na ce ba komai. Na kashe wayar na zauna a gindin gawo.

Faifan ya fito bayan girbi, kuma ya kama kamar wutar daji. Ban taɓa ganin irinsa ba. Gidajen rediyo na Yamai suka ɗauka, masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa ba su da aiki sai shi. Ranar kasuwar Filinge, daga rumfar masu shayi zuwa wajen masu awon gero, waƙar rijiya ce ke tashi ta ko'ina, wata na farawa wata na tsakiya. Zabarmawan da ba sa jin Hausa sosai suna rera ta. Aka nuno su a talabijin sanye da tufafi iri ɗaya, da yaron nan na Yamai a tsaye inda nake tsayawa. Dattawan da suka ce mun lalace suka koma cewa “yaranmu”. Mutane na tare ni a hanya suna cewa, “Ashe abokanka sun zama manya! Kai mi ya hana ka bi su?” Sai in yi dariya in ce noma.

Ba rashin ganin fuskata a talabijin ne ya fi ci mini rai ba. Kiɗan ne. Yadda na haɗa shi, a tsakiyar kowane zagaye akwai inda bas ke ɗauke numfashi, ta yi shiru ɗan kaɗan, kamar lokacin da guga ya iso bakin rijiya kafin a juye shi. Mai rawa kan tsaya da ƙafa ɗaya a sama, sannan kiɗa ya faɗo masa. Wannan shirun shi ne waƙar. Yaron Yamai ya iya gita, ba zan ci amanarsa ba, amma bai san da wurin ba, ya cike shi da bugu, ya miƙe sumul. Haka duniya ta ji ta, haka ta so ta. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa: ban taɓa jin haushin yaron ba, abokina da ke tsaye a wurin yana ji ya yi shiru, shi nake jin haushi.

Sun yi shekaru suna yawo, har ƙasashen waje. Abokina yakan kira ni da salla, mu gaisa, ya tambayi Inna. Ba ya tayar da zancen, ni ma ba na tayarwa. Gitar da na bar musu ba ta dawo ba, ban kuma sayi wata ba.

Sai wata shekara aka ce za su zo gida su yi wasa a filin gidan matasa, da la'asar, a tashi kafin magariba saboda halin rashin tsaro da ake ciki. Na ce ba zan je ba. Matata ta ce in ban je ba za a ce hassada ce. Na sa rigata ta salla na tafi, na tsaya can baya wajen masu sayar da ruwa. Filin ya cika maƙil, yara har kan katanga, yawancinsu ba su da wayo lokacin da muke jan amalanke zuwa Damana.

Da aka zo waƙar rijiya, abokina ya ɗaga hannu aka tsaya. Ya ce akwai wani a nan da suka fara tare, ya kira ni, ya sa aka buɗe mini hanya. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na hau dandamali. Yaron Yamai ya cire gitar ya rataya mini da ladabi. Ta yi mini nauyi, yatsuna sun yi kauri, amma ina taɓa igiyar suka tuna hanyarsu.

Mai ganguna ya buga, na shiga. Zagayen farko ya tafi daidai, har na iso wurin, na ɗauke hannu yadda na saba. Filin gaba ɗaya ya yi tuntuɓe. Masu rawa suka yi karo da juna, masu tafi suka tafa a iska. A zagaye na biyu na sake, sai aka fara ihu. “Ba haka take ba!” “Tsoho, ka ɓata muna waƙa!” “A ba mai ita!” Na dubi mai ganguna, ya kawar da kai. Na buga zagaye na uku don taurin kai, idona ya cika da ruwa har ban ga igiyoyin ba. Sannan na cire gitar na miƙa wa yaron. Ya karɓa, kiɗa ya miƙe, fili ya ɗauki sowa.

Bayan an tashi abokina ya same ni a bayan dandamali, yana share gumi da tawul. Na zaci zai ce in yafe masa. Na ma shirya abin da zan ce, na shirya in yafe. Ya rungume ni sosai, da zuciya ɗaya, na san shi, ba ba'a yake yi ba.

“Kada ka damu, ɗan'uwa,” ya ce. “An daɗe, dole hannu shi manta. Wuri guda ɗai kake kuskurewa, can tsakiya, kana tsayawa. Bari in turo maka ita cikin waya, ka saurara da kyau. In munka komo baɗi, ka iya ta.”

Na dube shi ina neman alamar ya tuna, ban samu ba. Na ce to, ya turo.