Gwaggon Fayil da Gaisuwar Alƙali

Shekara ashirin da shida ta yi a ɗakin ajiyar takardu na kotu, har sunanta ya ɓace aka koma ce mata Gwaggon Fayil. Ɗakin yana ƙarƙashin bene, taga ɗaya gare shi, fankarsa kuma ƙara take bayarwa ba iska ba. Ta kama aikin tana budurwa mai yarda da kowa, lauyoyi ne suka raba ta da wannan halin. Mijinta, tsohon direba, yakan ce ko ruwa aka miƙo mata sai ta leƙa ƙasan kofin.

Wata shekara takarda ta zo daga sama: duk alƙalin da ya bar shari'a ta yi shekaru ba hukunci zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Hankalin kowa ya koma kan alƙalin kotu ta biyu, wanda ma'aikata ke kira Sai-Wata-Mai-Zuwa a bayan idonsa. Ƙarar gonar wasu 'yan'uwa ta shekara tara a gabansa, har shaidu biyu sun rasu.

Ranar wata Talata sai ga shi da kansa a ɗakinta, mutumin da bai taɓa sauko wannan matakalar ba.

"Gwaggo, ya jiki? Na ji gwiwa na damun ki."

"Da sauƙi, ranka ya daɗe," ta ce, tana tunanin wa ya gaya masa.

Ya ajiye fayil huɗu a kan teburinta. "Adana mini waɗannan can ciki. Ba sai kin rubuta sun dawo ba, zan aiko a ɗauka."

Da ta koma gida ta ba mijinta labari.

"Ke dai ba kya raina abin zargi," in ji shi. "Gaisuwa ma ta zama laifi?"

"Malam, ruwa ba ya tsami banza. Shekara goma sha ɗaya bai san ina da gwiwa ba sai yau?"

Washegari ta rubuta a littafin rajista ranar da fayilolin suka dawo da wanda ya kawo su, ta kai wa magatakarda ya sa hannu. Shi ma ta tsaya a kansa har tawada ta bushe, don ba ta san da wa yake shan inuwa ɗaya ba.

Bayan mako uku kwamitin ya zo. Alƙalin ya ce musu ba laifinsa ba ne, fayilolin sun ɓace a ɗakin ajiya tun shekara biyu. Aka aika a kira ta. Ta buɗe littafin, ta nuna musu ranar da ya karɓe su shekara biyu da suka wuce, da ranar da ya dawo da su. Sannan ta ciro su daga jakarta ta jera a kan tebur. Alƙalin ya dube ta.

Aka dakatar da shi wata shida. Ƙarar gonar ta koma hannun wata alƙaliya, ta yanke hukunci kafin damina ta sauka.

Ita kuwa Gwaggo sai ga takardar ƙarin girma, tare da sauyi zuwa wani ofishi a ƙarshen gari, inda ake tara karyayyun kujeru.

"Umma, gode miki aka yi!" in ji 'yarta.

"Ko dai kawar da ni aka yi."

A can ta yi ritaya bayan shekara biyu, kuma har yau ba ta tantance wanne ne ba.