Shuɗin Layi a Saman Tagata

Yau 'yan unguwa sun fito yashe magudanar ruwa. Kowa na riƙe da shebur, shi kuwa gwangwanin shuɗin fenti ne a hannunsa da guntun buroshi. Dattijo ne siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, ba ya gaisawa da kowa. Shugabar ƙungiyarmu ta ce shi ya ɗora wa kansa aikin: yana shata layi a bangon kowane gida daidai inda ambaliyar bara ta tsaya, ko ma ji tsoro mu daina toshe magudana da shara. Ina jin ruwa ya taɓa cinye masa wani nasa, don mutum ba ya kallon bango haka a banza.

Ga shi a ƙofar gidana, ya yi ɗage, yana jan layinsa can saman taga.

"Baba, ka yi kuskure," na ce. "Mu iya gwiwa ruwan ya tsaya mana."

Ko waiwayowa bai yi ba. "Na bara ai na gama da shi, 'yata."

Wata biyar ke nan ko yayyafi ba a yi ba. Amma rigarsa sharkaf take har wuya, tana ɗiga.