Golf ɗin Yayana a Hanyar Takanamat

Yayana ya koyi wasan golf ne a arewa, a shekarun da ya yi yana gyaran injuna a kamfanin haƙar ma'adini. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa shi, ya bar aiki ya dawo gida Tahoua, yana jan ƙafar hagu, da sandunan wasan ɗaure cikin buhu. Ni ƙanensa ne, ina koyar da lissafi a lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa yake ce mini Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu.

Likita ya ce ya riƙa tafiya da ƙafa. Shi kuwa ya ce ba zai yi yawo a banza kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba. Sai ya sa na kai shi wani fako a hanyar Takanamat, muka binne gwangwanayen tumatir tara nesa da juna, baki sama, su zama ramukan wasan, muka share ƙaya da duwatsu kewaye da kowane. Makiyaya kan tsaya su kalli dattijo yana bugun farar ƙwallo yana bin ta, su yi mana sannu su wuce.

Dokar wasan ba wuya. Ka sa ƙwallo cikin rami da bugu kaɗan, wanda bugunsa ya fi ƙanƙanta shi ne gwani. Duk Asabar bayan la'asar sai ya zagaye ramukan, ya haɗa jimilla a ka, ransa ya ɓaci. Kullum ta zarce wadda ya saba da ita da can.

Wata rana ya zauna gindin aduwa, ya aje sanda.

"Mushe, mu tahi gida. Wannan jiki ba nawa ne ba."

Na ce, "Yaya, jimilla ba ta faɗin inda ciwo yake. Ɗalibi ya faɗi jarrabawa, sai na duba wace tambaya ta kā da shi. Bari mu raba bugun."

Asabar ta gaba shi ya riga ni shiga mota. Na debo tsakuwa. Bugun nesa in jefa ɗaya a aljihun dama. Bugun kusa da rami, wanda ake turawa a hankali, in jefa a na hagu. In bugun farko ya tafi sak bai shiga ƙaya ba, in sa a aljihun gaba. Da muka gama na zazzage su ƙasa kashi uku.

Wata biyu muna haka, ina fitar da matsakaici. Abin ya bayyana. Yawan bugun nesa ya ƙaru sosai, domin ƙarfi ya tafi. Amma a bakin rami bugu biyu ke isarsa, wani lokaci ɗaya, abin da shi da kansa ya ce ko da yana da lafiya bai cika samu ba. Kuma fiye da rabin bugunsa na farko sak suke tafiya.

Ya daɗe yana kallon tsakuwar.

"Wato hannun bai mutu ba."

"Bai mutu ba, Yaya. Ƙarfi ne ya ragu, saiti yana nan."

Daga ranar ya daina dukan ƙwallo da fushi. Ya koma gajeren bugu, yana lallaɓa ta har rami, jimillar ma ta sauko. Matarsa ta ce mini ya koma cin tuwo da hannunsa, ya hana a riƙe masa kwano. Da damina ta sauka masu gonakin gefe suka yi shuka, muka dakata har aka yanke gero.

Da muka koma, kashin tsakuwar aljihun hagu ya fara tsawo. Asabar ɗaya ba komai ba ce, na sha gaya masa haka. Amma ya ci gaba da tsawo mako bayan mako, ƙwallo tana wuce gwangwani ta gefe guda kullum. Na jira ya tambaya.

Ya tambaya kuwa, muna naɗe kaya. "Mi tsakuwarka ta ce? Hwaɗi mini gaskiya."

Na ce, "Bugun kusa ya lalace, Yaya. Kuma duk hagu take zamewa. Mu koma asibiti."

Ya gyaɗa kai. "Na sani. Gwangwanin biyu nike gani."

Likita ya ce hawan jini ne ya taɓa idon, ya canza magani, ya ce an zo da wuri. Idon dai bai dawo daidai ba. Yayana ya ƙara fita fakon 'yan lokuta, ba don ƙirga ba. Ya ce in bar tsakuwa, in tsaya bayan rami in riƙa magana, shi zai buga wajen muryata. Haka muka yi. Ina ba shi labarin ɗalibaina, yana turo ƙwallo, wata ta shiga, da yawa su wuce.

Ya rasu cikin bazarar da ta biyo, da hantsi, a ɗakinsa, ni da matarsa muna gefensa. Allah Ya jiƙansa da rahama. Bayan sadakar arba'in na je fakon ni kaɗai na tone gwangwanayen, domin kada ƙafar dabbar wani ta faɗa ciki.