Ranar da agogo ya sallamar da ƙarfen askin Babana

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu Ƙetare, na tafka wata wauta wadda har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kunya zan ji. A lokacin na sayi babbar waya, ina ganin duk ƙauyen nan babu wanda ya kai ni wayewa.

Mahaifina yana da wani ƙarfen aski, irin wanda ake murɗa ƙotarsa sai kan ya buɗe biyu, a sa reza a ciki, a sake murɗawa ya rufe. Kakana ne ya samo shi daga wani Bature mai sayen auduga da ya yi wa tsaron sikeli. A cikin wani ɗan gwangwani yake zama, a saƙale a kan azarar ɗakin Baba, daidai bakin ƙofa. Duk Juma'a da hantsi sai Baba ya miƙa hannu ba tare da ya duba ba, ya ɗauko, ya zauna a kan turmi ya aske kansa tas kafin ya tafi masallaci. Tun ina yaro nake ganin haka, ban taɓa ɗaukar ƙarfen a bakin komai ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta Baba wadda ita ce ta kai ni ta baro. Yakan ja ragonsa har kasuwar Sheme alhali ba shi da niyyar sayarwa. A taya, ya ce albarka. A ƙara, ya ce albarka. Da yamma ya dawo da abinsa gida yana murmushi, ya ce ai ya je jin tayi ne, yanzu ya san abin da ke ɗaure a turkensa. Kowa a wajenmu ya san wannan, ba abin faɗa ba ne. Kaya ba su sayu ba sai mai su ya buɗe baki ya ce ya sallama.

To, ina da wani aboki a cikin Ƙanƙara, mai shagon cajin waya, wanda a gefe yake sayar da tsofaffin kaya a intanet: anini, kwabo mai huji, tasoshin tagulla, irin tarkacen da tsofaffi ke zubarwa. Wata rana muna hira na ba shi labarin ƙarfen Baba, sai na ga ya gyara zama. Ya ce akwai masu neman irin waɗannan a ƙasashen waje, gwanjonsu ake yi, ana ta ƙara tayi har tsawon mako guda. Na ce ƙarya ne, wa zai sayi tsohon ƙarfe ga na roba nan a kan teburin kowane mai tireda? Muka yi ta musu, ni kuwa in aka zo musu ba na sanya.

Ran Asabar, Baba yana gona, na zare gwangwanin na hau babur. Abokina ya ɗauki hotuna, gaba da baya, na mayar da shi kan azara kafin magariba. Ya tambaye ni ko Baba ya yarda, na ce masa ya sa kawai. Ya kuma yi mini wani bayani a kan dokokin wurin, amma gaskiya kunnena ɗaya ne a wajensa, ɗayan yana kan ƙwallon da ake nunawa a shagon maƙwabcinsa. A zuciyata rago na kai Sheme, zan ji tayi in dawo gida.

Kwana uku na farko tayin bai wuce kuɗin mudun shinkafa biyu ba. Na yi ta yi wa abokina tsiya. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne tambayoyin da mutanen ke aikowa. Wani ya ce a ɗauko masa hoton wasu ƙananan haruffa da ke ƙarƙashin kan. Wani ya tambaya ko gwangwanin tare aka yi su. Wani kuma ya roƙa kada a kuskura a goge shi, a bar masa dattinsa. Ni da nake shirin dirje shi da toka don ya yi ƙyalli, sai na ajiye tokar. Daga nan aikin gona ya sha kaina, ga sabis ba ya zama a garinmu sai ka hau tudun bayan makaranta, na manta da zancen.

Sai Asabar ta zagayo. Bayan azahar na shiga Ƙanƙara sayen maganin feshi, na biya ta shagon. Na tarar da abokina ya ƙura wa waya ido, bai ko amsa sallamata da kyau ba. Ya juyo mini da ita. Tayi ya kai kuɗin buhun taki biyu, ga wani ɗan agogo a gefe yana cin lokaci, saura ƙasa da awa ɗaya.

Na ja benci na zauna. Mutum biyu ne ke ta ƙarawa, babu suna, babu fuska, sai wasu haruffa da taurari. Ba su gaisa ba, ba su tambayi lafiyar mai kaya ba, babu dillalin da zai ja ɗayansu gefe ya ce Alhaji yi haƙuri ka bar wa ɗan'uwanka. Wannan ya ƙara, kafin ka ƙifta ido wancan ya ɗora. A Sheme mai saye kushe kaya yake yi don su sauko, waɗannan kuwa su da kansu suke hawar da kuɗi kamar masu gaba da aljihunsu. Na tambayi abokina ko sun san ƙarfen yana cijewa in an murɗa, ya ce bai dame su ba. Na tambaya ko zinariya ce a ciki ba mu sani ba, ya ce a'a, kawai dai irinsa ya yi ƙaranci. Kuɗi ya wuce na rago, ya doshi na ɗan maraƙi. Saura 'yan daƙiƙu, sai ga wani na uku da bai taɓa cewa uffan ba duk makon, ya jefo nasa tayin. Agogo ya tsaya.

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce wa abokina ya ci musu, na yarda.

"To, rubuta masu ka ce albarka," na ce.

Ya yi dariya shi ma, ya ɗauka wasa nake. Da ya kalli fuskata sai dariyar ta ɗauke.

"Babu albarka a nan, malam. An saya."

"Wa ya sallama? Ni dai ban sallama ba."

"Agogo ya sallama."

Na ce to a ce ƙarfen ya ɓace. Ya ce bara wani ƙunshi nasa ya salwanta a hanya, an riga an ja masa kunne, in ya sake cin amanar mai saye za a rufe shagon nasa na intanet, kuma da shi yake ciyar da gida, cajin waya ba ya riƙe iyali. Bai ɗaga murya ba. Ya ce kwana uku aka ba shi ya aika, sannan ya tuna mini cewa ni na ce ya sa. Ban san yadda na tuƙa babur na iso Ƙetare ba, maganin feshin ma a shagon na baro shi.

Lahadi na wuni ina kewaya Baba kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Ran Litinin bayan la'asar na same shi yana gyara ƙotar fartanya, na tsuguna na faɗa masa komai. Na zaci zai yi faɗa. Sai ya ajiye fartanyar, ya shiga yi mini tambayoyi, da alama shi ma kansa ya ɗaure. Ina kasuwar take? Na ce a cikin waya. Wa ya kai ƙarfen can, ga shi kuwa a kan azara? Na ce hotonsa ne ya je. Na faɗa masa kuɗin, bai ko motsa ba.

"Kai ka sallama?"

"A'a, Baba."

"Shi yaron ya sallama?"

"Shi ma a'a. Agogo ne."

Ya ce shi dai bai taɓa jin kasuwar da mai kaya ba shi da baki ba. Sai kuma ya tambaya ko mutumin da ya saya ya san wasa nake yi. Na ce bai sani ba.

"To shi da gaske ya taya," in ji Baba. "Abokinka kuma da sunanshi ya tsaya maka. Mi kake so in ce? Tahi ka ɗebo mani ruwa."

Ranar ce kaɗai na taɓa ganin Baba ya yi aski ba Juma'a ba. Ya aske kansa a hankali, ya wanke ƙarfen, ya goge shi da gefen rigarsa, ya sa a gwangwani, ya miƙo mini. Sannan ya ce in rubuta wa mutumin cewa in ƙotar ta cije kada ya matsa mata, ya ɗan mayar da ita baya tukuna, ya ɗiga man gyaɗa, kuma kada ya bar shi da jiƙa. Na rubuta, abokina ya juya da Turanci ya sa a cikin ƙunshin.

Bayan 'yan makonni mutumin ya aiko da godiya da hoto. Wani kabad ne na gilashi, cike da irin waɗannan ƙarafa jeri-jeri, ga na Baba a sahu na biyu an manna masa 'yar takarda. Ya ce ya ji daɗin bayanin, amma ba zai yi aski da shi ba, ajiyewa yake yi. Na hau tudu na sauke hoton, na kawo wa Baba. Ya riƙe wayar nesa da fuska, ya daɗe yana kallo.

"Wanga bawan Allah kawuna nawa gare shi?" ya ce.

Kuɗin kuwa ya ce a sayi taki, bai taɓa ko kwabo ba. Masara ta yi kyau a shekarar, mahaifiyata ta yi ta cewa ashe arziki ne a saƙale a kan azara, Baba bai taɓa tanka mata ba. Na sayo masa abin aski na roba, ya gwada sau ɗaya ya yanke, ya ce ba shi da nauyi, hannu ba ya jin sa. Tun daga ranar ni nake yi masa aski duk Juma'a, kuma in na makara yakan tambaya ko na tsaya jin tayin kan nasa ne.

Har yau ban gane kasuwar nan ba. Ban gane mutumin da zai biya kuɗin maraƙi a kan abin da ba zai yi amfani da shi ba, ban gane wanda zai yi shiru mako guda ya fito a daƙiƙar ƙarshe ba. Abin da na gane ɗan kaɗan ne: Baba ragonsa yake kaiwa Sheme, ni kuwa kayan wani na kai, a kasuwar da ban tambayi dokarta ba. Shi ya biya mini, kuma bai taɓa goranta mini ba.

Da ma ya yi faɗan, da ya fi mini sauƙi. Wata Juma'a, an fi shekara da yin abin, na shigo da ruwan aski sai na hango shi a bakin ƙofa. Hannunsa ya tafi kan azarar nan da kansa, ya lalubi wurin, babu komai. Da ya ji motsina sai ya ɗan ƙwanƙwasa itacen, ya ce da alama gara ta fara shiga. Na ce to, Baba, za a duba. Mu biyun mun san lafiyar azarar nan ƙalau, na ajiye ruwan, ya zauna a kan turmi ya sunkuyo mini da kai.