Murhun da Baba Idrissa Ya Zaɓa

Baba Idrissa maƙeri ne, ɗan maƙeri. Shekara arba'in ya yi gaban wuta a Maradi yana ƙera gatari da hauya, har tafin hannunsa ya kai yana ɗaukar garwashi ba ya ji. Da matarsa ta rasu, ɗansa Nazir, mai aikin ofis a Washington, ya ce ya tattara ya taho. Tsoho ya sayar da gida, ya rabar da kayan ƙira, ya sauka garin Woodbridge, kusa da Washington a Amurka, da jaka ɗaya. Ni Kabir maƙwabcinsu ne, ina ɗaukar kaya da a-kori-kura. Duk abin da zan faɗa a idona aka yi shi, kuma har yau raina a ɓace yake.

Ɗakin ƙasa aka ba shi, kusa da injin wanki. In ya yi wa jikokinsa Hausa, da Turanci suke amsawa suna tafiya. Surukarsa Aliyya ba ta taɓa zaginsa ba, tana dai bin duk inda ya dafa da tsumma. Abin da yake tsoro ɗaya ne, kada a mayar da shi, don a Maradi ko inuwar da zai zauna ba ta rage masa ba. Ya taɓa ce mini, "Malam Kabir, tsohon da bai da amfani a gida, da jakarsa a ɗaure yake kwana."

Da sanyi ya kama, kuɗin lantarki ya ishi Nazir, sai ya ce murhun itace zai sa ya ɗumama gidan. Ya ce, "Baba, ga sana'arka ta samu." Ranar tsohon nan har babbar riga ya sa, muka fita mu uku a motata.

A kanti, sababbin murahu sun fi ƙarfin aljihun Nazir. Wani mai araha ya burge shi don yana ƙyalli, Baba ya ƙwanƙwasa shi sau ɗaya ya ce, "Wannan gwangwani ne, ɗana." Daga nan muka je wajen wani manomi mai sayar da nasa tsoho, baƙi, mai nauyin tsiya. Baba ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa ya kara kunne, ya bi kowane haɗi da yatsa yana neman tsaga. Ya sa takarda a bakin ƙofar murhun ya rufe, ya ja, ta ƙi fita. Ya ce, "Wannan sai ya binne mu duka."

Manomin ya yi gargaɗi biyu da Turanci: kada a sa itacen da bai shekara yana bushewa ba, kuma a kira masu share bututun hayaƙi. Nazir ya ce oke, oke, bai fassara wa ubansa ba. Ni ma ban fassara ba, ina can ina ɗaure igiya.

Busasshen itace sayensa ake yi, Nazir kuwa ya ce ba zai sayi ice a ƙasar da bishiya ta fi mutane yawa ba. Iska ta kayar da wata a bayan gida, Baba ya faskare ta shi kaɗai, ya shanya sati uku. A Maradi sati uku a rana ya isa ice ya tsattsage. Ranar hunturun nan kuwa ta ado ce. Ya ji icen yana tsuwa a wuta, ya gaya wa Nazir, aka ce masa ya yi maneji. Shi a saninsa ɗanyen ice hayaƙi kawai yake ƙarawa, iska ta kwashe. Bai taɓa zama da bututu ba, bai san hayaƙin yana barin baƙin danƙo a ciki mai kama wuta ba.

Wata biyu ya yi yana mutum. Gida ya yi ɗumi, jikoki suna saukowa yana gasa musu gyaɗa, ƙaramarsu Afnan har ta koyi cewa "Kaka, ƙara." Ya kwance jakarsa ya jera kayansa.

Ranar wata Lahadi bayan azahar bututun ya kama, yana ruri kamar tirela. Baba ya rufe ƙofar murhu, ya toshe masa iska, ya sungumi Afnan ya fito. Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce toshewar nan ce ta ceci gidan, gefen rufi kawai ya ƙone. Da ya tambayi wa ke kula da wutar, Nazir ya nuna ubansa, ya ɗora yatsa a gefen kansa ya juya shi. Bai ambaci manomi ba, bai ambaci masu shara ba. Baba yana tsaye ba takalmi, da yarinya a kafaɗa, kuma wannan bai buƙaci tafinta ba. Ni da na san gaskiya na yi shiru, don maƙwabtaka.

Bayan kwana goma aka kawo tikitin komawa gida, na tafiya kawai. Nazir ya ce, "Ka je ka huta, Baba, sai sanyi ya wuce mu gani." Ranar tafiyar ya ce yana da mitin, Aliyya tana aiki, yara suna makaranta, ni aka roƙa in kai shi filin jirgi.

Da muka fito, murhun yana bakin titi da takarda manne a jikinsa, wani mutum yana kiciniyar ɗora shi a motarsa. Baba ya sa na tsaya. Ya sauka ya kama masa suka ɗora, ya ce da ni, "Gaya masa murhun ba shi da laifi. Ya nemi busasshen ice." Wannan karon na fassara.

Mun kusa hawa babban titi ya tambaye ni abin da aka rubuta a takardar. Na ce, "An ce kyauta ne, duk mai so ya ɗauka."

Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Sannan ya ce, "Ni ko takardar ba su manna mini ba."