Kambas a Adakar Baffa

Duk wanda ya ce mini sai da takalmi ake gudu, kallonsa kawai nake yi. Ni da ƙafar da Allah ya ba ni na yi nawa, kuma ba a taɓa shan gabana ba sai ranar da manya suka taru suka yi mini gata.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina ajin ƙarshe a babbar firamare ta Birnin Gwari, ƙato da ni har gashin baki ya fara tsirowa, don a zamaninmu ba a kai yaro boko da wuri. Gidanmu a Randagi yake. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanensa ne ya riƙe ni, shi nake kira Baffa. In an ba da hutu ba na jiran mota, wace motar ma? Sai in ɗaure 'yan tsummokarana a baya in faɗa daji, in yi ta sassarfa tsakanin kaɗanya da ɗorawa. In wuce matan Gwari da kayansu a kafaɗa, in wuce Fulani da shanunsu, tsando na bi na yana cizo, ni ko a jikina.

Kayan guduna ba su da yawa. Gajeren wandon makaranta, sai man kaɗanya da nake shafawa a cinyoyi don kada su goge, sai ɗan ƙullin tsamiya da nake cusawa a kunci saboda ƙishirwa. Tafin ƙafata kuwa kamar ƙirgi yake, ƙaya in ta taki rashin sa'a ta haɗu da shi sai dai ta karye.

Malaminmu na wasanni, wani ɗan siririn Bazazzage mai usur a wuya, shi ya kawo labarin cewa za a yi gasar gudun dogon zango ta makarantun lardi a Zariya. Mutum uku na farko za a ɗauke su kwaleji, ci da sha da karatu duk a wuyan gwamnati. Ni na san abin da hakan ke nufi. Ko dai kwaleji, ko kuma in koma Randagi in riƙe wa Baffa fartanya har ƙarshen raina, don jarrabawa ba ta taɓa yi mini fara'a ba.

Sai labari ya kai kunnen wani Alhaji mai kwangilar katako, mutumin da ya cinye rabin maɗacin dajinmu yana neman inda zai sayi suna. Ya ce yaron garinsu ba zai je Zariya ƙafa ba takalmi kamar ɗan ƙauye ba, wai kada a raina mu. Ya aika a kawo awon ƙafata. Baffa ya zo daga Randagi takanas, ya karyo karan dawa ya gwada ni, sannan ya ƙara faɗin yatsu a kai. Na ce, "Baffa, ya wuce." Ya ce, "Rufe mini baki, yaro girma yake yi. So kake baɗi a sake saye?"

Kaya suka zo daga Kaduna: farin kambas, safa, da singileti. Aka tara mutane a ƙofar makaranta, har da maroƙi, aka ɗaga takalman sama kamar an haifi ɗa. Na riƙe su na ɗan lokaci, gwargwadon yadda mutane za su gani su yi wa Alhaji addu'a. Daga nan Baffa ya karɓe, ya naɗe a zane, ya sa a adakarsa ta ƙarfe da kafur, ya danna kwaɗo. Shi kansa ya tare a zauren Alhaji, wai yana gadin amana, alhali tuwon shinkafar gidan yake gadi.

Malamin wasanni ya san ba daidai ba ne, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ja ni muka je zauren, ya durƙusa ya gaida Baffa.

"Baffa, da an ba shi yana sawa yana motsa jiki, don su saba da ƙafarsa."

"Malam, ku a Zariya tun azumi kuke sa rigar sallah?"

"A'a, amma shi takalmin gudu daban ne."

"Ya je ya tattake su a daji, ranar taro Alhaji ya ga tsumma? Da wane ido zan dube shi?"

Malam ya sosa ƙeya ya ce, "Haka ne kuma, Baffa." Aka miƙo masa fura ya sha, ya yi godiya. Iyakar jarumtarsa ke nan, mutumin da in ya busa usur a fili sai ka ce shi ya kori Turawa. Kullum da hantsi Baffa zai fito da takalman ya goga musu farar ƙasa, ya shanya, ya mayar. Kafin ranar tafiya sun ƙame sun yi tauri kamar ƙwarya.

A motar katakon Alhaji muka je, shi da Baffa a gaba, ni da Malam a baya muna shan jijjiga. Da safiyar gasa Baffa ya buɗe adaka da bisimilla. Na zura ƙafa, ta yi ta yawo a ciki. Ya yago tsohon rawani ya cusa a gaban yatsu, ya ja igiya ya ɗaure tamau, ya ja da baya yana kallona yana murmushi. Ya ce, "Yanzu ka zama mutum." Sannan ya sassauta murya: "Alhaji na rumfar manya. Ka tabbata ya gan su a ƙafarka in ka shigo."

Hanyar gudun ta fita daga fili ne ta bi gonaki da wani ɗan rafi, ta zagayo ta dawo. Da aka sake mu ban ji tsoron kowa ba, don na ga yawancinsu tun farko suke zuba ƙarfinsu kamar ana bin su da sanda. Amma ba mu yi nisa ba na ji dunduniyata ta kama wuta. Duk taku sai takalmin ya ɗaga ya dawo ya goge ni a bayan ƙafa, inda ba kanta. Da muka tsallake rafi, farar ƙasar ta jiƙe ta zama kunu, tsumman rawani ya dunƙule ya shige ƙarƙashin yatsuna. Bororo ya tashi, ya fashe, safa ta manne da nama.

Na daure har tsakiyar hanya, na ga in na ci gaba da haka ko na goma ba zan zo ba. Na tsaya gindin wata ɗorawa na fizge su, na ƙulla igiyoyinsu na rataya a wuya. Yar da su ba ta taso ba, kayan Alhaji ne. Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na ji na dawo hayyacina. Jini na zuba, amma tafin nan nawa ne, ya san aikinsa. Na fara tsintar su ɗaya bayan ɗaya, masu safa har gwiwa, masu tawul a wuya, duk suna haki kamar zuga-zugi. Lokacin da na hango tutocin fili, mutum biyu ne kawai a gabana, na bayana kuma da tazara. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na ce kwaleji ta samu.

A kwanar ƙarshe, bayan wani shingen kara inda rumfar manya ba ta hangowa, na ga babbar riga a tsaye a tsakiyar hanya. Baffa ne. Zaman rumfa ya gagare shi, ya tako ya zo ya duba amanarsa.

"Kai, me nake gani a wuyanka?"

"Baffa, sun ci mini ƙafa. Ka bari in wuce."

"Ka wuce ina? Zauna ka sa su. Ba za ka kunyata ni a gaban mutumin da ya yi mana alheri ba."

Yaran yanzu kan tambaye ni me ya sa ban kauce masa ba. Ba su san zamanin ba. Ƙanen ubanka in ya ce zauna, ƙafarka ce ke zama kafin kanka ya yi shawara. Na zauna a ƙasa ina kwance ƙullin igiya, shi yana tsaye a kaina yana cewa in ɗaure da kyau. Na ji takun mutum ya wuce. Na ji na wani.

Na biyar na zo. Alhaji ma bai gan ni ba, ya juya baya yana yi wa wani jami'in gandun daji fadanci. Da aka taɓo shi ya waiwayo ya ce, "To, takalmi ya yi amfani ko?" Baffa ya yi caraf ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba don su ba da na ƙarshe zai zo." Malam na gefe da usur ɗinsa yana gyaɗa kai. Ban taɓa raina manya ba kamar ranar, kuma rainin bai bar ni ba har yau.

Na koma Randagi na riƙe fartanya. Baffa ya wanke kambas da hannunsa, ya goga farar ƙasa, ya mayar adaka.

Da ya rasu, ni ma furfura ta fara, aka buɗe adakar don rabon gado. Ga su nan a naɗe cikin zane, farare tas, sai baƙin tabon jinina daga ciki. Dangi suka yi ta jinjina kai, wai dubi yadda marigayi yake ƙaunarka, ya adana maka su duk shekarun nan. Aka turo mini su. Na zura ƙafa a gaban kowa. Har a ranar sun yi mini yawa.